Sawu Kafin Zane: Yadda Tafiya a Ƙasa da Sanin Wuri Ke Gina Mai Fasaha

A shekarar 1967 wani ɗalibi ɗan shekara 22 mai suna Richard Long ya tsaya a wani fili mai ciyawa a yankin Wiltshire na ƙasar Ingila. Shi mutumin Bristol ne, yana karatu a makarantar koyon fasaha ta Saint Martin's da ke Landan. Babu fenti a hannunsa, babu gizago. Ya shiga filin ya miƙe sambal, ya juyo, ya sake komawa yana taka sawunsa na farko. Haka ya yi ta kai da komo har ciyawar ta kwanta, hasken rana ya fito da wani miƙaƙƙen layi a tsakiyar filin. Sai ya ɗauki hoton layin, baƙi da fari, ya kama gabansa. Ba a daɗe ba ciyawa ta miƙe, layi ya ɓace, hoton kaɗai ya rage.

Wannan hoto yau yana cikin ayyukan da ake koyar da su a makarantun fasaha na duniya, domin da shi aka soma ɗaukar tafiya a ƙasa a matsayin sana'ar mai fasaha ita kanta. Amma dangantakar ƙafa da fasaha ta girmi Long nesa ba kusa ba. Mawaƙa da masu zane da magina tukwane sun daɗe da sanin cewa akwai abin da mutum ba ya samu sai ya tashi ya taka. Hausawa ma sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin tambaya shi ne: wane irin ilimi ne ƙafa ke buɗe wa mai fasaha, kuma wace irin tafiya ce ke buɗe shi? Wanda ya bi tarihin waɗannan mutane zai ga cewa nisa bai cika zama abin dubawa ba. Waɗanda aikinsu ya yi zurfi, yawancinsu wuri ɗaya suka yi ta komawa har suka san shi ciki da bai.

Abin da masu bincike suka gano

A 2014 wasu masana biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka, Marily Oppezzo da Daniel Schwartz, suka wallafa sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da mutum 176. Sukan ambaci wani abu na yau da kullum, kamar maɓalli ko taya, su ce mutum ya kawo duk wani sabon amfani da za a iya yi da shi cikin 'yan mintoci. Wasu suna amsawa a zaune, wasu suna tafiya. Masu tafiya sun fi kawo sababbin dabaru da kusan kashi 60 cikin 100, kuma ko bayan sun zauna, kaifin tunanin bai gushe nan take ba.

Abubuwa biyu a cikin binciken sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, da aka ba mutane tambayoyi masu amsa guda ɗaya tak, tafiya ba ta taimaka ba, har ma masu zama sun ɗan fi. Wato tafiya tana warware tunani ya bazu, amma tattara shi wuri guda aikin zama ne. Na biyu, har waɗanda suka yi tafiyar a kan injin motsa jiki, cikin ɗaki, suna fuskantar bango, sun samu wannan ƙarin. Motsin ƙafa shi kaɗai ya isa ya tayar da tunani.

To amma bango ba ya ba mutum launi, ba ya ba shi yumɓu, ba ya sa masa wata murya a kunne. Tunanin da ya tashi yana buƙatar abin da zai kama. A nan ne wuri ke shigowa, kuma a nan ne labarin masu fasaha ya wuce abin da ɗakin gwaji zai iya aunawa.

Magabata a kan hanya

A 1689 mawaƙin Japan Matsuo Basho ya bar birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, tare da almajirinsa Sora, suka nufi arewacin ƙasar. Basho ya yi kusan wata biyar yana tafe, ya ci kimanin kilomita 2,400, mafi yawa a ƙasa. Daga wannan tafiya ya fitar da littafin da ya fi shahara da shi, mai haɗe da labarin hanya da gajerun waƙoƙi masu gaɓa 17. Sai dai bai dawo ya miƙa wa jama'a abin da ya rubuta a hanya ba. Ya yi ta gyara da tacewa har kusa da rasuwarsa a 1694, kuma ba a buga littafin ba sai 1702. Wata biyar na tafiya, shekaru na zama a kan abin da aka gano.

A 1880 Vincent van Gogh, wanda a lokacin bai zama mai zane ba, yana zaune cikin talauci a yankin masu haƙar kwal na Borinage a Beljiyam. Ya tashi ya nufi garin Courrières a Faransa, tazarar kimanin kilomita 70, don ya ga wani mai zane da yake girmamawa, Jules Breton. Ya isa ƙofar ɗakin aikin, amma ya kasa shiga, ya juyo a ƙasa, yana kwana a fili. A hanya ya ga masaƙa da ma'aikatan kwal da gidajensu, kuma a wasiƙar da ya aika wa ƙanensa Theo daga baya, ya nuna cewa a cikin wahalar wannan tafiya ne ya ƙudurta komawa ga fensirinsa. Talakawan da ya gani a bakin hanya su ne suka cika zane-zanensa na farko.

Wanda ya fi kowa nuna ƙarfin komawa wuri ɗaya shi ne Paul Cézanne. An haife shi a Aix-en-Provence a kudancin Faransa a 1839, kuma dutsen Sainte-Victoire da ke gabashin garin ya zame masa abokin aiki na tsawon rai. Ya zana shi fiye da sau 60. A 1902 ya koma sabon ɗakin aiki a kan tudun Lauves, daga nan yakan ɗauki kayansa ya hau gaba zuwa inda dutsen ke fitowa sarai. Wanda ya jera waɗannan zane-zane zai ga yadda suke sauyawa. A na farko akwai itatuwa da gidaje da gada, kowanne a fili. A na ƙarshe komai ya koma ɗigo-ɗigon launi, kore da shuɗi da ruwan ƙasa, sama da dutse suna shiga juna. Dutsen yana nan yadda yake, idon mai kallonsa ne ya ƙara nisa. Daga waɗannan zane-zane ne matasa irin su Picasso da Braque suka ɗauki darasin da ya sauya zanen ƙarni na 20. A watan Oktoba na 1906 ruwan sama ya tarar da Cézanne yana aiki a fili, ya faɗi a hanya, aka kawo shi gida a amalanken masu wanki. Washegari ya sake fita aiki, bayan 'yan kwanaki ya rasu yana da shekara 67.

Lakar kogi da duwatsun hamada

Richard Long ya ci gaba daga filin Wiltshire zuwa ƙasashe masu nisa: Peru a 1972, tsaunukan Himalaya a 1975, da sauran wurare da dama. Tsarin aikinsa bai sauya sosai ba. Yana tafiya kwana da kwanaki, in ya iso wurin da ya kwanta masa, sai ya tattara duwatsun da ke nan ya jera su layi ko da'ira, ya ɗauki hoto, ya bar su ga iska da ruwa. Wani lokaci ko dutse ba ya taɓawa, sai dai ya rubuta jerin abin da ya gani ko ya ji a hanya, da yawan kwanaki da nisan da ya ci. Ya wakilci Birtaniya a babban baje kolin fasaha na Venice a 1976, ya ci lambar Turner a 1989.

Abokin karatunsa Hamish Fulton ya fi shi tsanantawa. A 1973 ya ratsa Birtaniya a ƙasa daga ƙuryar arewacin Scotland zuwa Land's End a ƙarshen kudu maso yamma, mil 1,022 cikin kwana 47. Daga nan ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa ba zai ƙara yin wani aikin fasaha ba sai wanda ya fito daga wata tafiya da ya yi da ƙafarsa. Shi ba ya jera dutse, ba ya ɗauko komai daga daji. Hoto da 'yan kalmomi su ne duk abin da yake kawowa.

Duk da wannan yawo na Long, abin da ya fi zama tambarinsa daga ƙofar gida ya samo shi. Kogin Avon da ya ratsa Bristol yana cika yana janyewa da ruwan teku, in ya janye sai ya bar laka mai santsi a gaɓa. A nan ya yi wasa yana yaro. Wannan laka yake ɗiba a bokiti, ya dama ta da ruwa, ya shafa ta da hannu a bangon manyan ɗakunan baje koli. Yana aiki da sauri, tafin hannu na bin bango, ruwan laka na fallatsa yana gangarowa har ƙasa, a bar shi haka. Mai kallo yana ganin shatar yatsu, yana ganin inda hannu ya yi gaggawa da inda ya lafa. Mutumin da ya taka nahiyoyi ya koma ga taɓon garinsu don ya faɗi abin da ya fi nasa.

A 1988 Long ya yi tafiya a tsaunukan Hoggar na kudancin Aljeriya, wajen Tamanrasset, inda mai shirya fim Philip Haas ya bi shi ya ɗauki aikin. Irin waɗannan hotuna sun jawo masa suka, kuma sukar tana da tushe. A hotunansa da wuya ka ga mutum, sai ka ɗauka ƙasar ba ta da masu ita. Alhali Sahara cike take da sawu. Buzaye sun san rijiyoyinta da hanyoyinta, ayarin gishiri ya daɗe yana ratsa ta tsakanin Agadas da Bilma, kuma har yau dubban mutane na keta ta don neman abinci, wasu ba sa kai labari. Baƙo mai fasfo da tikitin komawa gida yana tafiya ne don ya zaɓa. Wanda dole ta fitar da shi, tafiyarsa daban ce. Duk mai son fahimtar fasahar tafiya sai ya riƙe wannan bambanci.

Titin birni a matsayin ɗakin aiki

Francis Alÿs ya sa wannan bambanci a tsakiyar aikinsa. Ɗan Beljiyam ne, an haife shi a Antwerp a 1959, ya karanta zanen gine-gine, ya isa Meziko a 1986, shekara guda bayan girgizar ƙasar da ta rusa sassan babban birnin. Ya zauna a tsohon gari, kusa da babban dandalin Zócalo, cikin 'yan tireda da masu talla da 'yan dako. Yawo a waɗannan tituna shi ya mai da shi mai fasaha.

A farkon shekarun 1990 ya ƙera wani ɗan kare na wasa mai ƙafafun taya, ya sa masa mayen ƙarfe, ya riƙa jan sa da igiya a titi har jikinsa ya rufe da ƙusoshi da murafan kwalba da guntayen waya. A 1994 ya je bakin shingen babban cocin birnin, inda masu gyaran famfo da masu aikin lantarki da masu fenti ke jeruwa kowa da allon sana'arsa yana jiran mai ɗauka, ya tsaya a cikinsu da allo mai cewa shi ɗan yawon buɗe ido ne. Ya bayyana matsayinsa a fili: baƙo ne mai kallo a tsakanin masu neman na abinci.

Aikinsa da ya fi yaɗuwa ya zo a 1997. Ya sami babban dunƙulen ƙanƙara, ya sunkuya ya soma tura shi a titunan birnin. Da farko da hannu biyu da dukan ƙarfinsa yake turawa, yana barin jiƙaƙƙen sawu a kan kwalta. Da rana ta yi, ƙanƙara ta ragu, sai ya koma shurin ta da ƙafa. Bayan fiye da awa tara ba abin da ya rage sai ɗan ruwa a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin mai tura baro ko mai ruwa ya wuni yana fama, ya koma gida da abin da bai kai ya kawo ba, ya san abin da Alÿs ke nufi. Bai ƙirƙiro wannan hoto a zaune ba, a titi ya gan shi kullum, a jikin maƙwabtansa.

A 2004 ya kai wannan salo birnin Ƙudus. A ƙarshen 1948, lokacin tsagaita wuta, kwamandan Isra'ila Moshe Dayan da na Jodan Abdullah al-Tal sun shata iyakar dakarunsu a kan taswira, ɗaya da koren fensir, ɗaya da ja. Alÿs ya huda gwangwanin koren fenti, ya bi wannan layi a ƙasa har kilomita 24, fenti lita 58 na ɗiga a bayansa, ta gaban shaguna da gidaje da sojoji. Daga baya ya nuna hoton bidiyon ga Falasɗinawa da Yahudawa da wasu 'yan ƙasashen waje, ya haɗa ra'ayoyinsu da aikin, har da masu sukarsa. Layin da aka ja a kan takarda cikin ɗaki, ƙafa ta nuna cewa ta tsakiyar rayuwar mutane ya bi.

Buhun da aka yar a Nsukka

A nan Najeriya akwai misali da duniya ta sani. El Anatsui ɗan Gana ne, an haife shi a Anyako a 1944, ya zo koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka a 1975, ya yi shekaru da dama a garin. Tun farko da abin da wurin zamansa ya ba shi yake aiki: farantan katako na kasuwa, fasassun tukwane, tsofaffin turame, ƙarfen goge rogo, gwangwanayen madara. A ƙarshen shekarun 1990 ya ci karo da wani buhu da aka yar a jeji kusa da garin, cike da murafan kwalaben barasa. Ya ɗauko ya ajiye a ɗakin aikinsa, ya yi watanni bai san abin da zai yi da su ba.

Daga baya ya gane cewa in aka buɗe murfin alminiyam aka daddale shi, aka huda gefensa, za a iya ɗinke shi da wani da wayar jan ƙarfe. Dubbai a haɗe sai su zama wani ƙaton mayafi mai sheƙi, ja da baƙi da ruwan zinariya, mai lanƙwasa kamar tufa. Matasan Nsukka da yawa sun yi aiki a ɗakinsa, kowa na haɗa ƙananan yanki, shi kuma yana shimfiɗa su a ƙasa yana zagayawa yana sauya musu wuri. A 2007 ya lulluɓe fuskar wani tsohon gini a Venice da irin wannan aiki, a 2015 aka ba shi lambar girmamawa ta babban baje kolin birnin, a 2023 kuma ayyukansa suka cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern a Landan.

Murafan suna ɗauke da tarihi, domin barasa na cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Amma kafin a kai ga wannan fassara, sai da wani ya lura da buhun. Mutane da yawa sun wuce shi. Wanda ya tsaya shi ne wanda ya shafe fiye da shekara ashirin yana duban abin da garin ke zubarwa.

Maginiyar da ke zagaya tukunyarta

Wanda ya juya takardar naira 20 zai ga wata mata sunkuye a kan tukunya. Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali, wadda aka haifa wajen 1925, ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a hannun wata 'yar uwar iyayenta. A wajenta tafiya da wuri ba zaɓi ba ne, su ne sana'ar. Maginiya sai ta san ramin da yumɓu mai kyau yake, ta je ta haƙo, ta ɗauko a ka, ta nemo itace da ciyawar da za a gasa tukwane da su a fili.

Ko ginin kansa da ƙafa ake yin sa. A salon matan Gwari, tukunya ce ke zaune wuri ɗaya, maginiya ke zagaya ta. Takan dasa dunƙulen yumɓu, ta huda tsakiyarsa, ta sunkuya tana jawo bangon sama da yatsu tana kewayawa, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu a baki, hannu ɗaya a ciki yana tokarewa, ɗaya a waje yana lailayewa. Daidaiton cikin randa daga daidaiton takunta yake fitowa. In jiki ya ɗan sha iska, sai ta ɗauki ɗan abin zane ta yi wa tukunyar ado, kuma adon na dabbobin da ke kewaye da ita ne: kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, tsuntsu, kifi.

Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana cikin masu ajiye tukwanenta. A gidansa ne Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew ya gan su a 1950, lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi aiki ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da sana'ar gini. Ya zaɓi Abuja ta wancan lokaci, wadda yau ake kira Suleja, ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane, saboda akwai yumɓu da ruwa da itace da kuma gwanayen magina. Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi a tanda mai tsananin zafi da shafa ruwan ƙyalli, amma ba ta bar manyan tukwanenta na hannu ba, ba ta bar dabbobinta ba.

Sauyin ya zo da nasa sakamako. Tukunyar da aka gasa a fili tana tsatsafar da ruwa ta sanyaya shi, kuma ba ta da nauyi a ka. Wadda aka yi wa ƙyalli aka gasa a tanda ta yi nauyi, ta daina numfashi, ta tashi daga kayan ɗaukar ruwa ta koma abin ajiyewa a kalla. Haka tukwanenta suka isa Landan a baje kolin 1958 da na bayansa, ita ma ta zagaya Turai da Amurka tana nuna yadda ake gini. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Duk inda ta je, abin da mutane ke taruwa su gani shi ne abin da ta koya a Kwali.

Namu hanyoyin

Mawaƙan Hausa ba baƙin wannan darasi ba ne. Mamman Shata, mutumin Musawa, ya yi tallar goro da alewa a kasuwanni kafin waƙa ta ɗauke shi, kuma yawon gari-gari ya ba shi sanin mutane da wurare da ya cika waƙoƙinsa. Ɗan Maraya Jos ya yi suna da waƙar karen mota, mutumin da kowa ke gani a tasha amma ba a saba yi masa waƙa ba. Kuntiginsa ma na gwangwanin kifi ne da fatar akuya da tsirkiya ɗaya. Wanda bai zauna a tasha ba, bai ji yadda ake magana a can ba, ba zai iya wannan waƙa ba.

Abin damuwa shi ne hanyoyin da suka raini irin waɗannan mutane suna rufewa. A sassan Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna, rashin tsaro ya sa shiga daji ya zama kasada, kuma dajin nan shi ne inda maginiya ke samo yumɓu, masassaƙi ke samo ice, makaɗi ke bi zuwa bikin ƙauye. A birane ana faɗaɗa tituna ana gina gadoji don motoci, mai tafiya a ƙasa kuwa sai ya raɓa tsakanin kwata da Keke Napep. A Kano, badalar da aka soma ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu tana zaizayewa, wasu sassan an ci su da gini, ana kuma cike kududdufan da aka haƙi ƙasar gina birnin daga cikinsu. Duk lokacin da irin wannan ya ɓace, an rage wa mai zane na gobe abin da zai gani.

Amma abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Matashin da ya sauko daga Dutsen Dala ya bi lunguna zuwa Kasuwar Kurmi, ya wuce Gidan Makama ya ɓulla marinar Ƙofar Mata, zai ga dukawa da maƙera da masu ɗinkin hula, zai ga zanen dagi a bangon soro, zai ji ƙarar bugu da warin baba. Haka Zariya, haka Katsina, haka Damagaram da Agadas. Wayar hannu tana nuna wa matasanmu ayyukan duniya, kuma wannan alheri ne. Sai dai wanda daga waya kaɗai yake kwafa, abin da kowa ke gani shi ma zai gani, kuma aikinsa zai yi kama da na kowa.

Saboda haka akwai aiki a kan ɓangarori uku. Malaman fasaha a jami'o'i da kwalejoji su mai da fita cikin gari wani ɓangare na karatu, a tura ɗalibi ya zauna wajen marina ko maƙera, ya gaishe su, ya nemi izini, ya koya kafin ya zana. Hukumomin tsara birane su tuna cewa yawancin jama'a a ƙasa suke tafiya, su bar musu hanya da inuwa, su kuma kare tsofaffin unguwanni da ganuwa. Shi kuwa matashin da ke son ya zama mai zane ko marubuci ko mawaƙi, ba sai ya jira biza ba. Ya zaɓi hanya ɗaya a garinsu, ya bi ta da damina da kaka da hunturu da bazara, ya san masu sana'ar da ke bakinta da sunansu, ya lura da abin da ake zubarwa da abin da ake adanawa, sannan ya koma ya zauna ya yi aiki a kan abin da ya gano. Abin da zai fito daga nan nasa ne, domin babu wanda ya san wannan hanya kamarsa.